Intanet Ɗin Da Ke Mutuwa Bayan La'asar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, akwai 'yan unguwarmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na fi sati ina rubutawa ina gogewa.

Ni matar aure ce a Funtua, shekarata tara a ɗakina, 'ya'yanmu uku. Asalina 'yar Dayi ce ta ƙasar Malumfashi. Babana tsohon malamin firamare ne, kuma ranar da aka zo neman aurena sharaɗi ɗaya tak ya kafa a gaban manya, cewa ba za a hana ni aiki da karatun da na yi ba. Maigidana da bakinsa ya amsa. Shi manomi ne kuma yana harkar hatsi, ya saya a kasuwar Dandume lokacin kaka ya zuba a sito, in farashi ya ɗaga ya fitar. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa zagin iyayena ba, yana son 'ya'yansa, lokacin da na yi ɓari a asibiti a kan benci ya kwana biyu. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya ɗauka mugu na aura.

Na koyar a wata makarantar kuɗi har zuwa haihuwata ta uku, daga nan hidima ta yi yawa na ajiye da kaina. Ina zaune sai wata ƙawata ta makaranta da aure ya kai Ingila ta kira ni, ta ce 'yarta tana neman rasa Hausa gaba ɗaya, ga karatun Alƙur'ani ma ya tsaya, ko zan riƙa koya mata ta bidiyo in sun dawo daga makaranta. Na tambayi maigida ya ce Allah ya sa albarka. Haka na fara da yarinya ɗaya, da tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar mini, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, Litinin zuwa Alhamis.

Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san wahalar sabis. Layi uku nake da su, wannan ya yi yau gobe ya ƙi. Wayar sai na jingine ta a tagar kicin wajen tankin ruwa sannan ta kamo, hadari na haɗowa kuma shi kenan an tashi daga karatu. Da yaran suka zama uku na ga abin ba zai yiwu a haka ba, dole a sa intanet na gida. Ban yi gaggawa ba wallahi. Na ari ƙaramar rauta mai layi, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, a wajen maƙwabciyata na gwada, da safe kamar walƙiya, da yamma in kowa ya hau sai ta koma tafiyar hawainiya. Na yi maganar faifan nan da ake ɗorawa a rufi mai kamowa daga sama, maigida ya ce a yanayin tsaron da muke ciki wanda ya ɗora wannan ya yi wa gidansa talla ne, na ga gaskiyarsa na bar maganar. Sai aka ba ni labarin wani bawan Allah, bari in kira shi Malam Sabi'u ko da yake ba sunansa ba ne, wanda ya karanci kwamfuta, ya sayar da gonar gadonsa a Ƙarfi ya kafa dogon ƙarfe a bakin unguwarmu yana raba wa gidaje intanet ta 'yar eriya. Sau uku ina ɗaukar kwamfutata in je gidan wata da ya haɗa wa, daidai lokacin karatuna, in zauna in gwada. Rana ɗaya ma ana tsuga ruwa na je da gangan, bai ko girgiza ba. Na sa aka tambayar mini in an ɗauke wuta fa, aka ce da sola yake aiki. Sannan na ce wa maigida shi na zaɓa.

Wata biyar na yi cikin jin daɗin da ban taɓa samu ba. Hoto tangaran, murya ba tsinkewa, har numfashin yaro in yana jan aya ina ji. Ƙawata ta haɗa ni da wata Hajiya ma'aikaciyar jinya a can, mace mai jama'a, ita ta riƙa turo mini iyaye har ɗalibaina suka kai goma sha ɗaya. Yaron da ya zo ko sannu bai iya ba ya kai yana ba ni labarin kakarsa da Hausa. Ni da nake ganin kaina ba ni da wani amfani sai wanke-wanke, sai ga shi iyaye suna kira na Malama suna yi mini addu'a.

A shekarar ne kasuwar hatsi ta juya wa maigida baya. Ya sayi masara da tsada ya tara, farashi ya faɗo ƙasa warwas, ga taki ya yi tsadar da noman ma bai fitar da kansa ba. Ban jira ya buɗe baki ba, abin da ya samu a gida na riƙa toshewa a ɓoye, cefane, makarantar yara, in ya tambaya in ce ai da saura. Allah shaida ne ban taɓa goranta masa ba. Amma baki ba ya shiru. A wani taron suna ƙanwarsa ta ce cikin raha ai yanzu Malama ce ke riƙe da gidan yaya, mata suka yi dariya, maganar ta koma kunnensa. Daga baya na ji cewa a majalisarsu har suna suka sa masa, wai mijin 'yar Ingila. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tayar da zancen ba.

Bayan wannan da 'yan makonni intanet ɗin ya fara ciwo. Da safe lafiya lau, bayan isha'i lafiya lau, amma ina zama gaban kwamfuta bayan la'asar sai hoton yara ya daskare, bakin yaro a buɗe, murya tana zuwa a gutsure. Sai dai in ji, "Malama ba ma jin ki, Malama kin tsaya." In kashe in kunna, in koma waya ita ma haka. Karatun awa ɗaya sai ya ƙare a "kuna ji na?" Daga Juma'a zuwa Lahadi da ba ni da karatu kuwa ko gezau, sai na ɗauka ko don mutane sun tafi gona da biki ne layin ya samu sarari.

Malam Sabi'u ya zo ya fi sau uku. Ya hau rufi ya gyara fuskar eriya, ya canza wayar da ta sauko daga eriyar, ya gwada komai a gaban maigida ya ce lafiya yake. Na ce to ya zo da la'asar ya gani da idonsa. Ya zo, maigida na tsaye, ranar kuwa abin ya yi gudu kamar ba shi ba, na tsaya cikin hijabi ina jin kunya kamar wadda ta yi ƙarya. Zuwansa na ƙarshe ya daɗe yana duba wani abu a kwamfutarsa, ya ɗago ya dubi maigida, ya ce, "Alhaji, in ba damuwa mu ɗan fita waje." Suka fita. Da maigida ya dawo ya ce mini mutumin nan bai san aikinsa ba, kame-kame kawai yake, wai gidaje sun yi masa yawa. Tun daga ranar ko na tura wa Malam Sabi'u saƙon ƙorafi amsarsa ɗaya ce, Hajiya ki yi haƙuri. Ni kuma na ɗauki wannan haƙurin a matsayin ya amsa laifinsa.

Akwai ranar da zuciyata ta ɗan raya mini wani abu, ba don na zargi kowa ba, kawai ganin yadda yake shiru in ina kuka. Na ce, "Abban Hanif, in aikin nan ne ba ka so, don Allah ka gaya mini, in san yadda zan sallami yaran mutane cikin mutunci." Ya ɓata rai sosai, ya ce shi ya taɓa hana ni, ba shi ya yi wa Baba alƙawari ba, ba shi ya tsaya aka kafa eriyar ba. Ni na koma ina ba shi haƙuri. A gabana ya ɗauki waya ya kira Malam Sabi'u ya wanke shi tas, har yana ce masa ya ji tsoron Allah ya daina cutar matan aure. Ina ji ta cikin wayar bawan Allah nan yana cewa, "To Alhaji. To Alhaji." Wallahi a lokacin daɗi na ji, na ce mijina ya tsaya mini.

Wata biyu ana haka. Iyaye suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai daɗi. Na ƙarshe Hajiyar nan ce ta kira ni da kanta, ranar da ɗanta ya shirya zai karanta mini surar da ya yi wata yana hadda, kakanninsa ma an haɗa su a layi daga Zariya su saurara, aka yi ta fama hoton ya ƙi motsi har yaron ya fashe da kuka. Ta ce, "Malama, ba mu da abin cewa a kan karatunki, amma yaran nan lokacinsu kaɗan ne. In Allah ya daidaita miki sai ki neme mu." Ta tafi da yara biyar a rana ɗaya.

Abin da na yi bayan na ajiye wayar shi ne abin da ya hana ni sukuni yanzu. Muna da zauren matan unguwa a waya, da na iyayen yaran islamiyya. Na danna na yi saƙon murya na kusan minti huɗu, ina kuka ina magana. Na kama sunan Malam Sabi'u da sunan sana'arsa, na ce macuci ne, yana yaudarar mutane da gudu a watannin farko in ya ga ka saki jiki ya shaƙe ka, na ce duk mai son kansa kada ya bari ya taka masa rufi, na ce ban yafe ba. Kun san yadda saƙon murya yake, kafin magariba ya bar unguwarmu, har daga Malumfashi wata ta turo mini shi tana tambaya wai ko na san matar.

Sati biyu da suka wuce, ranar kasuwar Dandume, maigida ya fita tun da sassafe, da hantsi na ji sallama. Wata mata ce da goyo, ban san ta ba. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta ce sunanta Hajara, ita ce matar Malam Sabi'u, kuma bai san ta zo ba, da ya sani da bai bari ba. Na haɗe rai ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Maman Hanif, ban zo rigima ba. Tun da saƙonki ya fita gidaje suke kira a zo a cire musu eriya, wani shagon da ya yi alƙawarin haɗawa ya fasa. Gonar da za mu koma an sayar. Na ce masa ya fito ya faɗi gaskiya, ya ce shi ba zai zama sanadin mutuwar auren kowa ba, Allah ya gani. To ni ba ni da irin zuciyarsa."

Na ce wace gaskiya. Ta ce ranar da aka haɗa mana intanet an sa wa maigida wata manhaja a wayarsa wadda ake sarrafa rautar gidanmu da ita, don ya riƙa canza lambar sirri yana korar wayoyin da ba na gida ba. Da ita ana iya zaɓar waya ɗaya ko kwamfuta ɗaya a rage mata gudu, a sa mata lokaci, ko mutum yana wani gari. Ta ce abin da mijinta ya gani kenan a zuwansa na ƙarshe, shi ya sa ya ja Alhaji waje, Alhaji kuma ya ce masa wannan maganar gidansa ce, ya tsaya a iya aikinsa.

Na ce mata ƙarya take, mijinta ne ya turo ta don ya wanke kansa. Ba ta yi fushi ba, ta ce in na yarda za ta dawo da la'asar. Ta dawo. Na sa mata lambar sirri a wayarta, muka ajiye ta gefen kwamfutata a kan tebur ɗaya. Lokacin karatu na yi, kwamfutata ta tsaya cak, wayata ma haka, tata kuwa bidiyo take zubowa ba ko tari. Rauta ɗaya, ɗaki ɗaya. Na zauna ina kallon wayoyin nan biyu har ta ɗauki tata ta gyara goyonta. A bakin ƙofa ta ce, "Ni ba na so ki kashe aurenki. Bakin da ya ɓata shi kawai nake so ya gyara."

Duk da haka ban gama yarda ba, ina ta nema masa mafita a raina. Washegari da safe ya shiga wanka ya bar wayarsa a kan gado, na san lambar buɗewa, ban taɓa yi masa bincike ba sai ranar. Na samu manhajar. Ga sunan kwamfutata, ga sunan wayata, ga kwanakin an zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, daga huɗu da rabi zuwa shida da rabi. Kuma ba rufewa ya yi gaba ɗaya ba, da na gane da wuri. Rage shi ya yi ya bar ɗan kaɗan, daidai yadda zan ga kamar sabis ne ba kyau in yi ta fama. Na mayar da wayar inda take, na je na haɗa masa koko da ƙosai, ya karya ya yi mini sallama ya fita.

Jama'a, ba asarar ɗaliban ce ta fi ci mini rai ba. Da ya zaunar da ni ya ce maganganun mutane sun dame shi, ko ya ce zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ganin ina cefane, wallahi da na rage, da na san yadda zan yi, ni ba dutse ba ce, na san abin da karyewar jari ke yi wa namiji. Amma ya zauna ya zaɓi kwanaki da awanni da yatsansa. Ya riƙa dawowa yana samuna da kumburarrun idanu yana cewa in yi haƙuri ƙila Allah bai nufa ba. Ya bar ni na ba shi haƙuri don na tambaye shi. Ya ji saƙon muryar da na yi, don a gabansa na sake kunnawa, ya san mutumin nan ba shi da laifi, ya san shirun da yake yi rufin asirinsa ne, abin da ya ce kawai shi ne ai gara da kika faɗa. Ya tsallake alƙawarin da ya yi wa Baba ba tare da an ji kalmar hani daga bakinsa ba, ya bar ni ni na ɗauki zunubin.

Har yau bai san na sani ba. Ina dafa abinci, ina gaishe shi, ina amsa hira, amma in ya yi mini murmushi sai in kau da kai. Yara huɗun da suka rage na ce musu na tafi hutun sati biyu, hutun ya ƙare. Shekaranjiya kuma yake ce mini ƙarshen wata zai sa a zo a sauke eriyar tunda ba ta da amfani, in huta haka nan, in Allah ya kawo wani kamfanin mai kyau a gaba sai a duba.

Na yi tunanin in sayi ƙaramar rauta mai layi da kaina in ɓoye, in ci gaba da lallaɓawa da yaran da suka rage, amma na riga na gwada ta na san ba ta ɗaukar karatun yamma, kuma sai na zama irinsa, kowa yana yi wa ɗan uwansa aiki a bayan fage a gida ɗaya. Na yi tunanin in tafi Dayi in gaya wa Baba, amma hawan jini gare shi, kuma na san halinsa a kan alƙawari, in ya ji ba zai tsaya a nasiha ba, manya zai tara, daga nan maganar ta fi ƙarfina. Na yi tunanin in tare shi mu biyu in ce na gani, sai in tuna mutumin da ya iya kallon idona wata biyu, in ya ce bai san yadda aka yi ba ko ya juya maganar ta koma don me na taɓa masa waya, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Ga kuma Malam Sabi'u. In na fito na ce intanet ɗinsa lafiya lau yake kuskure ne daga wajena, matan unguwarmu ba yara ba ne, sai sun tambaya wane irin kuskure ne yake zuwa bayan la'asar kawai, wasu ma za su ce biyana aka yi. In na faɗi gaskiya duka, na tsiraita uban 'ya'yana a garin da yake fita kasuwa, a lokacin da ba shi da abin da ya rage masa sai mutuncin.

Don Allah masu cewa ki yi haƙuri ki yi addu'a, na gode, ina yi, amma ku gane cewa haƙƙina ne kawai zan iya haƙura da shi, na Malam Sabi'u da matarsa da goyonta ba nawa ba ne balle in yafe. Malamai da ke cikin zauren nan, me ya wajaba a kaina? Iyaye mata da suka daɗe a gidan aure, ta ina ake fara irin wannan magana da miji? Maza kuma ku gaya mini tsakani da Allah, in ɗayanku ne, me matarsa za ta ce masa ya je da ƙafarsa ya ba mutumin nan haƙuri? In kuma ya ƙi, in fito in wanke wanda na zalunta ko da gidana zai girgiza, ko in rufe bakina in bar shi ya ci gaba da biyan laifin da ba nasa ba?

Hajara ta ce za ta saurare ni zuwa Juma'a, daga nan ita za ta yi nata saƙon muryar. Yau Talata. Me zan yi?